Bindigar Baba Soja: Yadda Na Kusa Sayen Labari Da Yuro 1,800



A falonmu da ke Saint-Denis, arewa da Paris, akwai wani hoto da ya girme mu duka. Wani saurayi ne siriri, da jar dara a ka, da ɗamara mai faɗi a ƙugu, ya dafa doguwar bindiga wadda ta kusa kai masa kafaɗa. Kakana ke nan, mahaifin babanmu, wanda duk zuri'a ke kira Baba Soja. A Damagaram aka ɗauke shi soja a 1939, ya sha yaƙin Faransa da Jamus, ya dawo gida da tari da 'yan kalmomin Faransanci, ya rasu tun kafin a haife ni. Ban taɓa jin muryarsa ba. Abin da ya rage mana daga gare shi hoton nan ne kawai, sai labarai biyu-uku da Baba ke maimaitawa duk ranar Sallah.

Da lokacin ritayar Baba ya matso, sai na ce a raina bari in yi masa wata kyauta da ba zai manta ba: in samo irin bindigar da ke cikin hoton. Ba abin mamaki ba ne daga gare ni, don shekara biyu ke nan ina zuwa wata ƙungiyar wasan harbi a gefen Lyon inda nake karatu, kuma ina da lasisi. Na tara ɗan abin da nake samu a aikin hutu, na fara cigiya.

Wannan rubutu labarin yadda kuɗin nan suka kusa tafiya ne, da abin da na koya a hanya. In kana cikin masu sha'awar kayan tarihi, ko bindiga ce, ko lambar girma, ko tsohuwar takarda, to zauna ka ji.

Ranar kasuwa

A Faransa cinikin kayan sojan da babbar harka ce. Akwai rumfuna a kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, akwai gwanjo a Drouot cikin Paris, sannan kusan kowane ƙarshen mako sai an ci kasuwar kayan soja a wani gari, yawanci cikin zauren wasanni. Irin wannan kasuwa na je wata Lahadi a wajen Paris. Kwalkwali, takalma, wuƙaƙe, taswirori, warin mai da tsohuwar fata, ga dattawa suna ta musu a kan maɓalli ɗaya. Baƙar fata a wurin ba mu fi uku ba.

A wani teburi can ƙurya na gan ta. An rataya mata 'yar takarda da rubutun hannu: bindigar tirayer na Senegal, samfurin 1907. A jikin ƙotar an ɗaure wata 'yar laya ta jar fata. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Mai kayan ya dube ni sau ɗaya ya gane ciniki ya zo. Ya ce a wani rumbun manomi aka same ta kusa da Chasselay, inda Jamusawa suka kashe sojojin Afirka a 1940. Ya ce mai ita ya ɓoye ta cikin ciyawa kafin a kama shi. Ya shafa layar ya ce, "Wata kila ma ɗan ƙasarku ne." Kuɗinta yuro 1,800. Ya ƙara da cewa in na biya da tsabar kuɗi yau, ba sai mun wahalar da kanmu da takardu ba.

Kuɗin da ke asusuna sun kai haka da ƙyar. Abin da ya cece ni ranar ba wayo ba ne, katin banki ne da ba ya barina in cire fiye da wani adadi a rana. Sai na roƙe shi in ɗauki hotuna, na ɗauka ta kowane gefe, na karɓi lambar wayarsa. Da yamma na hau TGV a Gare de Lyon, awa biyu ina kallon hotunan nan kamar wanda aka yi wa sabuwar budurwa.

Wace ce wannan bindigar?

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san abin da ake magana a kai.

Rundunar da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, Louis Faidherbe ne ya kafa ta a 1857. Sunan Senegal ne kawai, amma daga baya an zuba mutane daga ko'ina a Afirka ta Yamma: Bambara, Mosi, Fulani, Zabarmawa, Hausawa. A yaƙin duniya na farko kimanin 200,000 aka ɗauka, kusan 30,000 ba su dawo ba. Kada kuma mu ɓoye wa kanmu ɗaya fuskar. Ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙone Birnin Konni a 1899, ya kuma yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, da hannun tirayer ya yi wannan ɓarna. Don haka wanda zai rataya irin wannan bindiga a bango, ya san tarihi biyu yake ratayawa.

A 1886 Faransa ta fito da Lebel, bindigar soja ta farko a duniya mai aiki da albarushi marar hayaƙi. Ɗura mata harsashi yana da jinkiri, ɗaya bayan ɗaya cikin wani bututu a ƙarƙashin bakin. Sai wani injiniyan jirgin ƙasa da ke aiki a Aljeriya, mai suna Berthier, ya kawo tsarin da ake zura harsashi uku lokaci guda. An fara da gajeru na sojan doki a 1890. A 1902 aka yi doguwa domin sojojin Indocina, a 1907 kuma aka yi ta tirayer na Senegal. Wannan ta 1907 ba ta da yawa, abin da aka ƙera bai wuce kimanin 25,000 ba, kuma akasarinsu sun ƙare a fagen daga da zafin Afirka. Shi ya sa masu tara kayan tarihi ke rububinta.

Da yaƙi ya yi tsanani, Faransa ta rasa bindigogi, sai aka ɗauki samfurin 1907 aka yi masa 'yan gyare-gyare aka ba kowa da kowa. Ita ce ake kira 1907-15. A 1916 aka ƙara mata cikin harsashi biyar. In aka haɗa duk dangin Berthier, an ƙera sama da miliyan 2. Har baƙaƙen sojojin Amurka na runduna ta 369, 'yan Harlem, da bindigogin Faransa suka yi yaƙi a 1918 saboda a ƙarƙashin Faransawa aka sa su. A 1940 ma Berthier tana nan birjik a hannun sojan Faransa.

To ka ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin bindiga mai wuyar samu da bindigar da ke kowane lungu, bambancin da ido ke fara gani a rubuce ɗan layi ne da lamba biyu: "1907" da "1907-15". Magagari da haƙurin rabin yini sun isa su share su.

Darasin Mushe

A ƙungiyarmu ta harbi akwai wani dattijo, ya haura saba'in, mahaifinsa ya yi aiki a ma'aikatar Saint-Étienne kafin a rufe ta a 2001. Mushe kawai nake ce masa. Ranar Laraba na kai masa wayata ina ta zumuɗi, na fara ba shi labarin rumbu da ciyawa. Ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ajiye labarin tukuna. Labari kyauta ake bayarwa. Nuna mini ƙarfe."

Ya sa tabarau, ya yi ta jan hotunan da yatsa. Abin da ya koya mini a wannan yammaci, da abin da na ƙara gani da idona daga baya a gidan tarihin soja na Invalides a Paris da gidan tarihin Art et Industrie na Saint-Étienne, shi ne zan jera muku.

Na farko, rubutun gidan sakata. A gefen hagu na ƙarfen da sakatar bindiga ke shiga, ana rubuta sunan ma'aikata da samfuri. Manyan ma'aikatun gwamnati uku ne: Saint-Étienne, Châtellerault da Tulle. Lokacin yaƙi an ba wasu kamfanoni kwangila, kamar Delaunay-Belleville mai ƙera motoci, da Continsouza, da Remington a Amurka. Duk bindigar da ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni, ta zamanin yaƙi ce, ba za ta zama ta 1907 ba ko da me aka rubuta. Sannan a duba bayan lambar ƙarshe. In an goge wani abu, wurin yakan ɗan lotsa, launin ƙarfen ya sha bamban da na kewaye.

Na biyu, gindin bututu. A nan ake buga harufan MA da harafin ma'aikata, S ko C ko T, tare da shekarar da aka yi bututun. A hotona an rubuta MA S 1916. Mushe ya yi murmushi. Ya ce wannan kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ana sauya wa tsohuwar bindiga bututu in ya cinye, amma tambaya ce da mai kaya zai amsa.

Na uku, lambobi. Kowace bindigar sojan Faransa ta wancan zamani tana da lamba da harafi a gabanta, harafin kuma da rubutun hannu mai lanƙwasa ake buga shi. A ƙa'ida A zuwa E na Châtellerault ne, F zuwa Q na Saint-Étienne, daga R kuma na Tulle. Lambar nan tana bututu, tana sakata, tana ƙarfen da ke kare kunama, tana ƙota. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a gani ko sun yi daidai. Amma fa a lura: rashin daidaito ba lallai zamba ba ne. Bindigar da ta yi yaƙi biyu ta sha gyara, kuma ma'aikatun soja da kansu sukan soke tsohuwar lamba da layi su buga sabuwa a gefe, a fili, ba ɓoye-ɓoye. Abin tsoro shi ne lambar da ta yi kyau fiye da kima: gefenta da kaifi, zurfinta daban, siffar lambobin ba irin ta sauran ba, ƙarƙashinta kuma an shafe sumul. Mushe ya ce tsohon ƙarfe da sabuwar lamba kamar tsoho ne da haƙoran yaro.

Na huɗu, hannun sakata. Ta 1907 hannunta a lanƙwashe yake zuwa ƙasa. Yawancin 1907-15 nasu a miƙe yake. Mai son yaudara ya san haka, sai ya ɗauko sakatar gajeriyar Berthier, wadda ita ma lanƙwasasshiya ce kuma tana da yawa, ya zura. Shi ya sa lambar sakata ke da muhimmanci.

Na biyar, wuƙar kan bindiga. Ɗaya daga cikin gyaran da aka yi a 1915 shi ne a sa bindigar ta karɓi wuƙar Lebel, doguwar nan mai kama da tsinke da sojan Faransa ke wa laƙabi da Rosalie. Ta 1907 tana da nata tsarin. Mushe ya ce, "Roƙi mai kayan ya aro Rosalie a teburin maƙwabci. In ta zauna daram kamar a gidanta, ka samu amsa."

Na shida, ƙota. A gefen dama na gindin katakon akwai wani zagayayyen hatimi mai ɗauke da wata da shekarar da soja suka karɓi bindigar. Katakon da aka goge da takardar yashi hatiminsa kan dushe, gefunansa su zama kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, ƙarfen kuma ya fi katakon tudu inda ya kamata su yi daidai. Hanci ma yana aiki. Tsohon mai da sabon fenti ba warinsu ɗaya ba.

Na bakwai, harafin N. A 1932 Faransa ta fito da sabon harsashi, aka gyara tsofaffin bindigogi don su karɓe shi, aka buga musu N. Tawa tana da shi. Na yi murna na ce ai wannan ya nuna tana hannun soja har 1940. Mushe ya ce e, ya nuna ta ratsa ma'aikata bayan 1932, ita da dubban ɗaruruwan 'yan uwanta. Bai nuna Chasselay ba, bai nuna baƙin hannu ko farin hannu ba.

Wannan magana ita ta fi tsaya mini. Ƙarfe yana iya gaya maka garin da aka yi shi, da shekara, da gyaran da ya sha. Wanda ya riƙe shi, da inda ya faɗi, ƙarfe ba ya faɗa. Wannan sai takarda, ko shaidar da za a iya bi a tabbatar.

Inna da laya

Ƙarshen makon na hau Paris. Ban gaya wa Baba komai ba, amma na nuna wa Inna hoton layar a kicin. Ta karɓi wayar, ta matso da ita, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai Allah ya shirye ka. Wannan ai irin abin maƙale makulli ne da dukawa ke ɗinka wa 'yan yawon buɗe ido. Wa ya ce maka ana ɗaura laya a bindiga tana reto? Ta soja a damtse take, ko a ƙugu, cikin riga, inda ba mai gani."

Ta ce in duba zaren. Fatar da ta yi shekara tamanin ta bushe ta tsage, ɗinkinta kuma da tsinken fata ko zaren auduga ne. Wannan tana ƙyalli, zarenta fari fat.

Ka ji fa. Mushe ya karanta ƙarfe, Inna ta karanta fata, ni ɗan jami'a mai karatun tarihi ban karanta komai ba sai abin da zuciyata ke so.

Bayan mako biyu mai kayan ya kafa teburi a wata kasuwar, na je da 'yar tocila da gilashin ƙara girma. Na fara da buɗe sakata in tabbatar babu komai a ciki, domin wannan ita ce ƙa'idar farko ko da bindiga ta shekara ɗari. Na haska tocilar a karkace a kan rubutun, na bi da ɗan yatsa. Bayan "1907" akwai ɗan kwari kamar inda aka danna tuwo da cokali. Lambar sakata daban da ta bututu, har harafin ba ɗaya ba. Rosalie ta maƙwabci ta shiga ta zauna. Na ja bakin zaren layar, roba ce.

Na gaya masa abin da na gani, cikin ladabi. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma haka ya saye ta, kuma zai iya yiwuwa gaskiya ya faɗa, don irin waɗannan kaya sukan ratsa hannu goma kowa na ƙara wa labarin gishiri. Na tambayi sunan manomin, ko sunan gonar, ko wata takarda. Babu. Nan take kuɗi suka sauko daga 1,800 zuwa 600. Ashe yuro 1,200 kuɗin labari ne.

Ko a 600 ɗin ban saya ba. Bindigar 1907-15 ce ta gaske, ta ga yaƙi, da an bar ta yadda take da tana da mutuncinta. Wanda ya goge lamba biyun nan ya lalata ta har abada: ba ta zama abin da yake so ba, ba ta kuma koma abin da take ba.

Maganar doka, kada a yi wasa da ita

Zancen nan na "ba sai da takardu ba" shi ya kamata ya fara korata tun ranar farko. A Faransa makamai kashi huɗu ne, A, B, C da D. Tsofaffin samfura na kafin 1900, irin su Chassepot ta 1866 da Gras ta 1874 da Lebel, suna kashi na D, duk baligi yana iya saya, ko da yake yawo da su a titi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne. Berthier irin ta 1907 ko 1907-15 tana kashi na C. Sai kana da lasisin wasan harbi, ko izinin farauta, ko katin mai tara makamai da aka fara bayarwa a 2019, kuma dole a yi mata rajista. Tun 2018 mutum biyu ba sa cinikin irin wannan bindiga a tsakaninsu kawai, sai ta hannun mai shagon makamai ko dillali mai izini, wanda zai duba ko sunanka na cikin waɗanda aka haramta wa riƙe makami. Ko bindigar da aka kashe ta, wato aka toshe ta yadda ba za ta sake tashi ba, aikin da ake yi a Banc National d'Épreuve na Saint-Étienne, ita ma tun 2018 sai an bayyana ta ga hukuma.

Bindigogin rumbu da na ƙarƙashin gado ba tatsuniya ba ne. A ƙarshen 2022 gwamnati ta ba da mako guda kowa ya kawo makamin da ya gada ba tare da hukunci ba, aka tara kimanin 150,000. Don haka mai cewa a rumbu ya samo, zancensa na iya kama da gaskiya. Wannan ne ma ya sa ƙaryar ke shiga.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, 'yan uwa. Saurayi baƙar fata, Musulmi, da bindigar soja marar takarda a ɗakinsa na ɗalibai, wannan ba labarin da kake son wani ya ba da a kanka ba ne. Abin da za a yi wa wani dattijon ƙauye faɗa a kai a sallame shi, kai yana iya bin sunanka shekaru. In har za ka saya, ka saya ta ƙofar gaba, da rasit mai ɗauke da samfuri da lamba da abin da mai kaya ya ce ita ce. Wanda ya yarda da kayansa ba ya jin tsoron rubutawa. In kuma kana da niyyar harbawa, sai maƙerin bindiga ya duba ta tukuna.

Chasselay

Daga ƙarshe dai na gaya wa Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Bindiga za ka kawo mini gida? Kakanka da ya dawo, ko ta farauta bai yarda a shigo masa da ita ba." Ban taɓa jin wannan ba. Shekara ashirin da biyu ina kallon hoton nan, ina ganin mutum yana alfahari da bindigarsa, alhali mai hoto ne ya ce ya dafa.

Maimakon kyautar, sai na saya masa tikitin jirgi zuwa Lyon, muka tafi Chasselay, kimanin kilomita 20 arewa da birnin. A ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940 sojojin runduna ta 25 ta tirayer suka tare hanyar Jamusawa a nan, a gidan 'yan zuhudu na Montluzin da cikin ƙauyen. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware farare gefe, suka kora baƙaƙe kimanin 50 cikin wani fili da ake kira Vide-Sac, suka buɗe musu wuta da tankoki. Wani jami'in kula da mazan jiya, Jean Marchiani, ya tattara gawarwakin da na sauran wurare, ya gina maƙabarta da jan bango irin ginin ƙasar Sudan ta da, aka buɗe ta ranar 8 ga Nuwamba 1942. Tata ake kiranta. Kaburbura 196 ne a ciki, 188 na tirayer, da yawa babu suna.

Baba ya tsaya a ƙofa ya dubi bangon ya ce kamar na wani gida a Birni, can Damagaram. Ya cire takalmi, muka yi musu addu'a.

Wurin nan ma yana da darasi a kan kayan tarihi. Shekaru da dama an ɗauka rundunar SS Totenkopf ce ta yi kisan. A 2019 wani mai tara tsofaffin hotuna ya samu kundin wani sojan Jamus, a ciki akwai hotuna takwas na ranar. Aka gwada su da tsaunuka da hanyoyin wurin, aka duba alamomin tankokin, masanin tarihi Julien Fargettas ya yi aiki a kansu, sai ga shi sojojin Jamus na yau da kullum ne, na runduna ta 10 ta tankoki. Abin da ya fito daga kasuwar tsofaffin kaya ya gyara tarihi, saboda an bi shi an tantance. Bindigar teburin can kuwa so take ta ci abinci da wannan tarihi ba tare da shaida ko ɗaya ba.

Mushe ne ya nuna mini inda ake neman mutum. Takardun sojojin da aka ɗauka daga tsofaffin ƙasashen mulkin mallaka suna cibiyar ajiyar takardun ma'aikatan soja da ke Pau. Na waɗanda suka mutu ko aka kama suna Caen, tarihin rundunoni yana Vincennes, sunayen matattu kuma ana samunsu kyauta a intanet a Mémoire des hommes. Na rubuta wasiƙa da sunan Baba Soja da shekarar da aka ɗauke shi da shaidar cewa jikansa nake. Wahalar ita ce rubutun suna, don magatakardan Faransa yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, sai da muka gwada siffa uku. Bayan 'yan watanni ambulan ya zo. Shafi biyu ne: lambarsa ta soja, ranar da ya hau jirgin ruwa, ranar da aka kama shi a watan Yuni 1940 can arewacin Faransa, nesa da Lyon, da shekarun da ya yi a sansanin fursunoni a cikin Faransa, inda Jamusawa ke tsare sojojin Afirka. Har tsawonsa an rubuta, da tsagar fuskarsa. Kuɗin da na kashe, kan sarki biyu.

Baba ya karanta sau uku. Yanzu takardar tana cikin gilashi a gefen hoton.

Ga mai niyyar saya

Ban ce kada kowa ya tara kayan tarihi ba. Ni kaina har yanzu ina zuwa kasuwannin nan, kuma wata rana in Allah ya so zan sayi 1907-15 mai gaskiya, wadda ba a taɓa ba, da sunanta na ainihi da kuɗinta na ainihi. Shawarata dai ita ce kada ka saya ranar da ka fara gani. Ɗauki hotuna, je gidan tarihi ka ga ta asali, nemi dattijon da ya fi ka sani. Ka yi wa kayan kuɗi kamar babu labari a tare da su, in mai kaya yana son kuɗin labari ya kawo takarda.

Mu da aka haifa a nan, masu neman wani abu na kakanni da za mu taɓa da hannu, mu ne muka fi sauƙin kamu. Tun da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006, sannan Tirailleurs na Omar Sy a 2023, 'yan kasuwa sun gane akwai jikoki masu nema. Suna ganin fuskarka sun san wane labari za su ba ka. In akwai hoton wani Baba Soja a falonku, fara da tambayar tsofaffi cikakken sunansa da garin da aka ɗauke shi, tun suna raye, sannan ka sayi ambulan da kan sarki.

Allah ya jiƙan mazan jiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.